Idon Da Ya Riga Namu Gani: Aibin Allon Waya Da Harshen Ciniki A Ƙasar Mafara

A wata Talata ta bara na tsaya a rumfar wani mai gyaran waya a kasuwar Talata Mafara, ina jiran a sauya mini bakin caji, sai na zama shaidar wata 'yar taƙaddama. Wani dattijo, manomin shinkafa daga ƙauyukan da ke shan ruwan Bakolori ta ɓangaren Bakura, ya dawo da wayar da aka sa wa sabon allo mako guda da ya wuce. Ƙorafinsa bai wuce cewa allon "ba shi da lahiya" ba. Mai gyara ya kunna wayar, ya shafa ta amsa, ya kira lamba ta shiga, sannan ya ce, "Baba, ga ta tana aiki, mi yas same ta?" Dattijon ya ɗan yi shiru yana neman kalma, can ya ce, "Yaro, in dare ya yi, nan gefe sai ka ga kamar hadari ya taso." Mutanen rumfa suka yi dariya. Mai gyara ya ce haka duk suke zuwa. Dattijon ya mayar da wayarsa aljihu ya tafi.

Gaskiya tana tare da dattijon. Abin da ya gani aibi ne sananne, yana da suna a masana'antar da aka ƙera allon, yana da ma'auni, kuma akwai na'urori masu tsadar gaske da ba su da wani aiki sai farautarsa. Ya rasa haƙƙinsa ne domin a harshen da aka yi cinikin babu sunan da shi da mai gyara suka yi tarayya a kansa. Ra'ayina a nan shi ne, samar da sunayen aibin allo da Hausa aiki ne da ya rataya a wuyan masu nazarin Hausa, kuma haƙƙin mutane ya ta'allaƙa da shi. Ina kuma ganin mafi yawan sunayen suna nan a bakin masu gyara da marina da fataken fata da alƙalai, abin da ya rage shi ne a je a ɗebo su.

Kafin a kai ga batun harshe, ya kamata a san abin da ake neman sa wa suna. Allon waya ko na talabijin, wanda kowa ke kira sikirin, tarin ɗigogi ne na haske da aka jera sahu-sahu. Kowane ɗigo ya ƙunshi ƙwayoyi uku: ja da kore da shuɗi, kuma daga haɗuwarsu ne kowane launi ke fitowa. Wanda yake son ya gani da idonsa, ya ɗiga ruwa ɗan kaɗan a kan farin allo, ɗigon ruwan zai ƙara girman abin da ke ƙarƙashinsa har ƙwayoyin su bayyana. Ƙaramar waya mai ɗigo 720 a faɗi da 1,600 a tsawo tana da ɗigo 1,152,000, wato ƙwaya kusan miliyan uku da rabi. Talabijin da ake kira 4K yana da ɗigo 8,294,400, na 8K kuwa ya haura miliyan 33. Kowace ƙwaya tana da ɗan makunninta, kuma ƙurar da ido ba ya gani ta isa ta kashe shi.

Ba ɗaya-ɗaya ake ƙera waɗannan alluna ba. Ana shimfiɗa su ne a kan wani babban gilashi, sannan a yayyanka. A masana'antar kamfanin BOE da ke Hefei ta ƙasar Sin, gilashin yana da mita 2.94 a faɗi da mita 3.37 a tsawo, kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, kuma daga guda ɗaya ake fitar da allon talabijin takwas masu inci 65. Kusan duk allunan duniya daga ƙasashen Sin da Koriya ta Kudu da Taiwan da Japan suke fitowa. Babu idon ɗan Adam da zai iya bin ƙwaya miliyan ashirin da biyar ɗaya bayan ɗaya a cikin 'yan daƙiƙoƙin da allo ke yi a gaban mai dubawa. A nan ne aikin kyamara ya shigo.

Zuciyar kyamarar wani ɗan faranti ne mai kama haske ya mayar da shi lambobi. Tun da aikinsa ya yi daidai da na tantanin ido, zan kira shi tantanin kyamara. Asalinsa yana komawa ga 1969, lokacin da Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro nau'in CCD a ɗakin bincike na Bell a Amurka, aikin da ya kai su ga lambar Nobel a 2009. Nau'in CMOS, wanda ke cikin kowace waya a yau, ya bunƙasa ne daga aikin Eric Fossum da abokansa a farkon shekarun 1990. Shi ma tantanin jerin ɗigogi ne, kuma a nan wahalar take: jeri ne zai ɗauki hoton jeri. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton talabijin da wayarsa ya ga wasu zane-zane masu kama da igiyar ruwa sun bayyana, irin waɗanda ake gani in an ɗora gidan sauro a kan wani gidan sauron. Domin kauce wa wannan ruɗin, da kuma gane wace ƙwaya ce ta mutu a cikin ukun, dole ɗigogin kyamara da yawa su taru a kan ɗigon allo guda. In aka ce tara ga kowane ɗaya, allon 4K zai buƙaci kyamara mai ɗigo kusan miliyan 75, na 8K kuwa kusan miliyan 300. Wannan ne ya sa kamfanin Sony yake da tantani mai ɗigo miliyan 151, Canon kuma ya fitar da mai miliyan 250 a 2020, yana ambaton duba alluna a cikin manyan ayyukansa. Inda ɗaya bai isa ba, sai a jera kyamarori da dama, ko a riƙa gusar da tantanin kaɗan-kaɗan ana haɗa hotunan.

Ana kunna allon a ɗaki mai duhu, a sa shi ya nuna fari zalla, sai baƙi, sai ja, sai kore, sai shuɗi, sai ruwan toka, kyamara tana ɗauka. Aibin da ake samu iri-iri ne. Akwai ɗigon da ya ƙi mutuwa, kullum yana haske. Akwai wanda ya ƙi kamawa, kullum baƙi. Akwai layi guda da ya mutu daga sama har ƙasa. Sannan akwai wanda ya fi su wuyar kamawa, wato rashin daidaiton haske, inda wani yanki zai ɗan fi maƙwabcinsa duhu ko haske ba tare da wata iyaka bayyananniya ba. Shi ne hadarin dattijon Bakura. Injiniyoyin duniya, da kowane harshe suke magana, da kalmar Japananci suke kiransa: mura. Na san mai karatu ya riga ya yi murmushi. In aka ari wannan kalma yadda take, Bahaushe zai ji cewa allon ya kwana a sanyi ne ya tashi da majina. Ga misali mai kyau ga ɗalibanmu na inda aro yake cin karo da kalmar gida, kodayake ba zan yi mamaki ba in masu gyara suka ji ta suka rungume ta saboda raha, domin sau da yawa barkwanci ya fi kwamiti iya dasa kalma.

Akwai wani abu game da wannan aibi da ya kamata a tsaya a kansa. Kafin zuwan kyamarorin, mutane ne ke zama a duhu suna duban alluna, kuma hukuncinsu yakan saɓa: abin da wannan ya wuce da shi da safe, wancan ya kayar da shi da yamma, ga gajiyar ido. Da aka zo koya wa na'ura aikin, sai aka rasa ma'aunin da za a ba ta in ban da idon mutum. Aka auna mafi ƙarancin bambancin haske da ido ke iya lura da shi, aka ce wa na'ura daga nan aibi ya fara. Ke nan kyamara mai ɗigo miliyan 250 wakiliyar ido ce irin na dattijon nan. In ya ga hadari a allonsa da dare, ya ga abin da aka gina na'urar domin ta gani. Hasali ma da dare, a kan launi mai duhu-duhu, aka fi ganin irin wannan aibin, don haka bayaninsa ya yi daidai da na masana har a lokacin da ya ambata.

Na'ura tana gani, amma mutane ne ke yanke hukuncin abin da za a yi da abin da ta gani. Wani aibin ana gyara shi. A allunan OLED, kyamara tana auna hasken kowane ɗigo, a lissafa gyaran da yake buƙata, a ajiye lissafin a cikin wata 'yar ma'ajiya da ke tafiya tare da allon. Ɗigon da ya ƙi mutuwa kuwa akan harbe shi da hasken leza a mayar da shi baƙi, saboda baƙin ɗigo bai kai mai haske tsone ido ba. Wani aibin kuma ana yafe shi. Ƙa'idar ISO 13406-2 ta 2001, wadda jerin ISO 9241 ya maye gurbinta a 2008, ta kasa alluna aji-aji. Aji na ɗaya ba a yarda da aibi ko ɗaya ba. Aji na biyu, wanda galibin allunan kasuwa suka faɗa ciki, an yarda a cikin kowane ɗigo miliyan a sami biyu masu haske, biyu baƙaƙe, da ƙwayoyi biyar masu matsala. Saboda haka in masana'anta ta ce allo lafiyayye ne, nufinta aibinsa bai haura adadin da aka amince ba. Wanda ya haura ba lallai a fasa shi ba. Akan sauke darajarsa a sayar da shi da rahusa, ga kuma ɗimbin ƙananan kamfanoni masu harhaɗa allunan sauyi da tasu ƙa'idar. Daga kasuwanni irin Huaqiangbei ta Shenzhen kayan kan bi ta Computer Village a Ikeja ko Farm Centre a Kano, su iso Gusau, su iso Mafara.

Ba ina cewa an ware Afirka ne ana turo mata shara ba. Kamfanin Transsion mai wayoyin Tecno da Infinix da itel ya nuna cewa in kasuwa ta yi nauyi ana saurarenta, tun da har kyamarar wayoyinsa ya daidaita domin ta fitar da baƙar fata da kyau. Abin da nake cewa ya fi wannan sauƙi: kaya mai aibi yakan gangara inda ba a mayar da shi, kamar yadda ruwa ke neman kwari. Wurin da ba a mayar da kaya kuwa shi ne wurin da mai saye ba ya iya faɗin abin da ke damun kayan. A kan hanyar nan daga Shenzhen zuwa Mafara, darajar allo tana tafiya da shi a rubuce har wani zango, sannan ta faɗi. Abin da ke isa rumfar mai gyara kalmomi biyu ne ko uku: orijina, kwafi, da wanda aka ciro daga wata waya. Shi kansa mai gyaran sau da yawa bai san ajin abin da ya saro ba, don haka ba na ɗora masa laifin duka.

Wani zai ce ɗan duhu a gefen allo bai kai a rubuta maƙala a kansa ba. Wanda ya zauna a Zamfara a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar baki ɗaya saboda matsalar tsaro, ya san matsayin waya a rayuwar mutane, domin har jihohin maƙwabta aka riƙa zuwa don a yi kira ɗaya. Wanda ya ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya san waya ta zama lalita. Manomin albasa ko dankali a Maradun a allo yake ganin shaidar an biya shi. Layi guda da ya mutu a tsakiyar allo yana iya ratsa lamba ya hana a bambance 3 da 8. Mu kanmu da muke fama da ƙugiyar ƙa da ɗa da ɓa mun san ma'ana tana iya rataya a kan 'yan ɗigogi kaɗan, haka ma mai karanta ajami ko Alƙur'ani a waya, wanda ɗigo ɗaya a sama ko a ƙasa ke raba masa harafi da harafi. Kuɗin sauya allo kuma, ga talaka, ba abin da ake yi sau biyu a wata ba ne.

A nan ne batun ya haɗu da shari'a, kuma a Zamfara wannan ba zancen littafi kawai ba ne, tun da ita ce jihar da ta fara faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a zamanin Gwamna Ahmad Sani, Yariman Bakura, daga 1999 zuwa 2000. Fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu suka tashi da shi, daga Risala ta Ibn Abi Zaid zuwa Mukhtasar na Khalil da Tuhfa ta Ibn Asim, ya hana ɓoye aibin kaya, ya kuma ba mai saye zaɓin ya riƙe ko ya mayar in ya gano aibin da ba a faɗa masa ba. Kowane almajiri ya san labarin tsibin hatsin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu a cikinsa ya ji danshi. Amma wannan zaɓi yana da sharaɗi: a tabbatar aibin tsoho ne, ya riga ciniki, ba a hannun mai saye ya auku ba. In an yi jayayya, alƙali yakan koma ga masana wannan kayan. A cinikin doki ko sa, muna da masanan, muna da kalmomin. To, a ce dattijon nan ya kai ƙara. Me magatakarda zai rubuta a matsayin da'awa? Wa zai bambance wa alƙali hadarin da ya zo daga masana'anta da tabon da zama a kan waya ya jawo, ko baƙin da ke malala bayan faɗuwa? Bambancin yana nan, masu gyara sun san shi da ido, amma ba a taɓa zama an daidaita shi da Hausa ba. Dokar tarayya ta kare haƙƙin masu saye ta 2018 ma haka take: tana ba da haƙƙi ga wanda ya iya bayyana abin da aka yi masa.

Mu masu nazarin harshe mun saba da hanya guda ta samar da keɓaɓɓun kalmomi: a tara masana, a ɗauko jerin kalmomin Ingilishi, a bi su ɗaya-ɗaya. Hanyar ta yi amfani a inda ta dace. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya ba mu harshen da muke koyar da nahawu da adabi da shi har yau, domin waɗanda suka ƙirƙiri kalmomin su ne masu amfani da su a aji. A batun allo kuwa masu amfani da kalmomin ba sa cikinmu. In muka zauna a Kano ko Sakkwato muka ƙaga wata doguwar jimla a madadin mura, za ta rayu a mujalla ta mutu a can.

Ga shi kuwa Hausa ba baƙuwa ba ce a fagen duba kaya. Ƙasar nan ta Sakkwato da Zamfara ta daɗe tana fitar da fatar jar akuya zuwa ƙetare, kuma mai sayen fata yakan ɗaga ta ga haske ya nemi huda da tabon wuƙa kafin ya sa mata daraja. Wannan shi ne aikin kyamarar Hefei, da ido da rana. Kasuwar auduga da ta gyaɗa sun bar mana lamba ɗaya da lamba biyu da lamba uku, waɗanda kowane ɗan ƙauye ya san nauyinsu, kuma sun fi orijina da kwafi bayyana gaskiyar yadda ake kasa alluna. Marina suna da dabbare-dabbare ga rinin da bai kama daidai ba, suna da koɗewa ga launin da ya yi rauni. A jikin mutum muna da hakiya ga farin tabon da ya zauna a ido, wadda nake ganin ta dace da ɗigon da ya ƙi mutuwa, muna da ƙyasfi ga fatar da launinta ya rarrabu. A babin alwala muna da lam'a ga ɗan wurin da ruwa bai taɓa ba, kuma da wuya a sami kalmar da ta fi ta dacewa da wurin da haske ya tsallake. Masu gyara su ma suna da nasu: na ji ana cewa allo ya yi tawada in baƙi ya malala a cikinsa bayan faɗuwa, ana cewa ya yi layi, ana cewa ya makance in wayar tana ƙara amma ba ta nuna komai. Ga kuma hadarin dattijo, wanda injiniyoyi ma sukan kwatanta wani nau'in wannan aibi da gajimare. Ba na da'awar waɗannan su ne amsar. Ina nuna cewa rumbun a cike yake, kuma zaɓin ƙarshe na waɗanda za su yi ciniki da kalmomin ne.

Mutanen Mafara da Bakura da Maradun sun taɓa ganin abin da ke faruwa in fasaha ta zo ba tare da harshen da za a tuhume ta da shi ba. Madatsar Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan Gulbin Sakkwato aka kammala a 1978, an tsara ta ne ta shayar da kadada kusan 23,000 a waɗannan ƙananan hukumomi uku, mafi yawansu ta hanyar na'urorin yayyafi. Awon gonaki da lissafin diyya da sake rabon filaye duk an yi su da ma'auni da harshen da manomi ba shi da hanyar bincikawa, kuma rikicin da ya biyo baya ya kai ga zubar da jinin manoma a watan Afrilu na 1980. Na'urorin yayyafin kuma galibinsu sun daina aiki tun da daɗewa. Ba ina daidaita allon waya da wancan bala'i ba, nesa ba kusa ba. Abin da ya haɗa su shi ne matsayin da aka ajiye mutumin wurin: mai karɓar sakamakon awon da aka yi a bayan idonsa.

Na san hujjojin da za a kawo mini. Na farko, ba mu da masana'antar allo, ba kuma alamar za mu samu nan kusa, don haka me ya haɗa mu da kyamarorinta? Amsata ita ce ba mu muka ƙirƙiro mota ba, amma makanikan Hausa sun raɗa wa kowane sashe na inji suna, kuma da waɗannan sunaye ne direba ke kare kansa a gareji. Mai saye ya fi mai ƙerawa buƙatar sunan aibi. Na biyu, a bar aro ya yi aikinsa. Na yarda da wannan a inda aron ya zauna: sikirin da caji da batir sun zama 'yan gida, ɓata lokaci ne a kore su. Amma sunayen aibi ba su iso ba balle a are su, sun tsaya a can inda takardar daraja ta faɗi. Na uku shi ne mafi nauyi, wato tsaro. Ba wanda zai tura ɗalibi daga nesa ya yi yawon ƙauyukan Maradun da rikoda a halin da ake ciki, kuma abin da ya faru a Jangebe da Kwalejin Aikin Gona ta Bakura da Kaya a 2021 bai bar zukata ba. Sai dai masu binciken suna can tuni. Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau tana cikin Talata Mafara, jami'ar jiha da aka kafa a 2018 ita ma a can take, Jami'ar Tarayya tana Gusau, Kwalejin Ilimi tana Maru, kuma da yawa daga cikin ɗalibansu 'yan waɗannan garuruwa ne, wasunsu ma da gyaran waya suke biyan kuɗin makaranta. Ɗalibin Hausa ɗaya da ɗalibin lantarki ɗaya, a rumfuna goma, a zangon karatu guda, sun isa su tattaro abin da za a fara da shi.

Hanyar binciken ma ba ta buƙatar kyamarar Canon. Launukan nan shida da masana'anta ke gwada allo da su, kowace waya tana iya nuna su in an sauke hotunansu. A nuna wa mai gyara allo mai aibi a ƙarƙashin kowane launi, a tambaye shi me ya gani, me yake kiransa, daga ina yake zaton ya zo, nawa yake ragewa a kuɗi. A yi wa marini da mai sayen fata da tela tambaya iri ɗaya ba tare da an gaya musu amsar mai gyara ba. A rubuta da karin harshen da aka faɗa, kada a yi saurin mayar da Zamfarci zuwa Daidaitacciyar Hausa, domin wataƙila kalmar da za ta kama ƙasar Hausa duka daga yamma za ta fito. Daga nan a kai jerin gaban alƙalai biyu ko uku da jami'an Hisba a ji wanne cikinsu zai iya ɗaukar da'awa.

Abin da nake fatan ya fara fitowa daga irin wannan aiki takarda ce shafi guda, da boko da ajami, wadda za a liƙa a rumfar mai gyara: sunayen aibi shida ko bakwai, kowanne da hotonsa, da bayanin wanda ke zuwa daga masana'anta da wanda ke aukuwa a hannu, da layi guda a ƙasa inda za a rubuta lambar allon da aka saya da kwanakin da aka yarda a mayar da shi. Na gwada wannan shawara a kan mai gyaran da na ba da labarinsa, da na koma karɓar wayata. Ya ce shi ba ya ƙi, in har za a kai irin takardar Farm Centre, domin shi ma in ya mayar da allo ga wanda ya sarar masa, abin da ake ce masa ke nan: haka duk suke zuwa.